Yadda Za Ka Haɗa Kan Gunduma Har Fankokin Iska Su Koma Garin Maƙwabta

Matso kusa, ɗan'uwa, ka zo inda ake magani. Idan kamfani ya shigo gundumarku yana so ya kafa dogayen fankokin nan da iska ke juyawa su ba da wutar lantarki, kai kuma kana tsoron kada abin ya raba kan jama'a, to kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na yi maka alkawari: ba wanda zai ɗaga murya, ba wanda zai daina gaida wani a coci, kowa zai amince da aikin, kuma ko ƙusa ɗaya ba za a kafa ba. Dabarar ba ta taɓa ƙin ci ba. Gaskiya sau ɗaya aka gwada ta, amma ta ci.

Sunana Orlin Tungseth. Na ƙare ƙuruciyata ina sayar da irin masara da na waken soya a nan Granlund, yammacin Minnesota, kuma ni ne shugaban kwamitin da ya yi wannan aiki. Allon yabo na nan rataye a falona. In kana shakka ka zo ka gani, Marlys matata tana goge shi duk Asabar.

Kafin ka fara, sai ka samo mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan aikin, don in babu shi haɗin kan ba ya armashi. Mu tamu yayata ce, Verna Rustad. Ita ke riƙe da gonar mahaifinmu da ke kan tudu, inda iska ke fizge wa mutum hula ko a ranar da ganye bai motsa ba a cikin gari. Mijinta ya rasu, gwiwoyinta sun gaji, ɗanta tilo Kendall kuma yana can Texas yana hawan fankokin wasu yana gyara musu. In aka kafa fankoki a tudun, kamfani zai riƙa biyan hayar ƙasa, Kendall ya samu aiki a gida, ya dawo da matarsa da yaransa ya karɓi gonar. In ba a kafa ba, gona ta tafi gwanjo. Ka riƙe wannan a ranka. Mu ma duk mun riƙe, ba mu dai taɓa furtawa ba.

Mataki na 1: Ka kafa kwamiti, kada ka bar kowa a waje

Kuskuren 'yan koyo shi ne su tara mutanen da bakinsu ya zo ɗaya. Haba! Irin wannan kwamiti kafin kofi ya huce ya gama aiki, sai kuma me?

Ka nemo Duane Myhre ɗinku. Namu shi ne shugaban ƙungiyar gama kai da ke raba mana wuta, mutumin da ya ce ranar da ya daina kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidansa, ranar zai yarda duniya tana ɗumama. Amma yana son fankokin, don wutarsu ta fi araha. Ka nemo Ardith Fjelstad ɗinku, tsohuwar malamar kimiyya da ta ja kunnen rabin gundumar nan, har da Duane ɗin. Ita tana son fankokin don a ceci duniya, tana kuma tsoron kada su fille kan agwagin daji. Ka ƙara da fasto, saboda shi ke riƙe da makullin ɗakin ƙasa na coci, kuma can ne kaɗai ake da tukunyar kofi mai isar kowa. Namu Fasto Lindgren ne.

Duka ukun suna son aikin, ni ma ina so. Kada wannan ya karya maka gwiwa.

Daga ƙarshe ka sa mai gonar a ciki, ba don ta yi magana ba. Verna ce ke kawo kek ɗin lemun tsami a dogon tire, a yanke murabba'i, kuma ban san kwamitin da ya taɓa tsayawa da ƙafarsa a gundumar nan ba tare da wannan tiren ba.

Mataki na 2: Ka tabbata kowa ya tashi a gidan mutunci

Ka gwada su da kofi. Mai tarbiyya ba ya karɓar abu a tayin farko, ba ya karɓa a na biyu. Ga yadda ake yi, in ka manta:

"Duane, kofi?"

"A'a, Marlys, kada ki wahalar da kanki."

"Ai na riga na dafa."

"Yanzu na sha a gida, na rantse."

"To ko rabin kofi mana."

"To, tunda kin matsa."

Shi ke nan. Wanda ya ce eh a karon farko ya tona wa uwarsa asiri cewa ba ta ciyar da shi ba. Wanda kuma ya yi tayi sau biyu ya tsaya, dama can ba da zuciya ɗaya ya yi ba. Haka muke karɓar kofi, haka muke karɓar aron tarakta, haka Marlys ta karɓi aurena. In ka ce a'a a karo na uku, to a'a ce ta gaske, kuma za a yi shekara ana zancenta.

Sai ka duba tiren kek. Yankan ƙarshe ba a ɗaukarsa. Mai jin yunwa ya raba shi biyu ya ɗauki rabi, na bayansa ya raba rabin, haka har ya zama ɗan abin da sai da gilashi ake gani. Ƙarin haske daga gare ni kyauta: al'ummar da ba ta iya cinye yankan kek ba ta da matsala da kowace irin doka, domin ba za ta taɓa ƙarasa ta ba.

Mataki na 3: Ka karɓi baƙuwa hannu bibbiyu, ka kuma sa mata ido

Kamfani zai turo wani. Mu mace aka turo mana daga Chicago, Madam Prewitt, mai takalmi mai tsini a farkon shekara, lokacin da ƙasa ke daskare. Marlys ta yi mata tayin kofi.

"Eh, na gode. Akwai madara?"

Fasto ya duƙar da kai kamar mai neman abu a ƙasa. Marlys ta zuba mata, a mota kuma ta ce mini, "Orlin, matar nan ko marainiya ce?"

Madam Prewitt ta yi bayani tiryan-tiryan, babu kwana. Ta ce babban layin wutar da ya ratsa yankinmu gurbi ɗaya ya rage masa. Gundumar da ta fara tsara dokarta ta ce eh kafin a fara shukar masara ta shekara mai zuwa, ita za ta samu. In ba mu ba, akwai Dornbach.

Dornbach! Jikokin Jamusawan nan da ke gabas da mu, mutanen da ke ɗaukar yankan ƙarshe da hannu su kuma tambaya ko akwai ƙari. Muka yi dariya ciki-ciki. Da ta gama na miƙe a madadin kwamiti na ce, "Lallai, abin sha'awa ne." Duane ya ce, "Daban ne kam." Ta rubuta wani abu tana murmushi. Kada ka yi mata fassara, ba aikinka ba ne.

Mataki na 4: Ka kashe damina da sunan kwamiti

Wannan matakin gajere ne, aiwatar da shi ne ke da tsawo. Ardith za ta so a sa "sauyin yanayi" a cikin sunan. Duane zai so a sa "araha". Kada ka bari su yi gardama, ka bari su yi kara.

"Duane, a sa naka kawai, ni ba komai."

"Haba Malama, ke ce babba, a sa naki."

"A'a, a'a, duk yadda kuka gani."

Ka bar su a haka har masara ta yi bunƙasa, ta nuna, a girbe. Mu mun tsaya a kan Kwamitin Tuntuɓa Kan Al'amuran Da Suka Shafi Sama, kuma har yau ba wanda sunan ya ɓata wa rai.

Mataki na 5: A zancen tazara, kowa ya yi wa ɗan'uwansa alheri

Nan ne gwanintar take. Dole dokar gunduma ta faɗi nisan da za a bari tsakanin fanka da gidaje da hanyoyi. A wasu wurare kowa kansa yake karewa, a yi ta cacar baki, a gama cikin wata guda. Mu ba haka muka taso ba.

Duane ya fara. "Ni dai don kaina ko a bayan garejina a kafa. Amma agwagin Malama fa? A ba tafki mil guda."

Ardith ta ji kunya ta kama ta. "Tunda Duane ya tuna da ni, ai uwarsa tana gidan tsofaffi, barcinta ba nauyi. A ba gidan mil guda da rabi."

Fasto ya ga kada a bar shi a baya. Ya nemi tazara ga maƙabarta. Duane ya ce ai waɗannan ba sa farkawa. Fasto ya ce za su farka, ranar ce dai ba a sani ba, kuma ba ya so abin da za su fara gani ya zama fanka.

Ni na nemi tazara ga filin ƙwallon makaranta, don Ardith. Ardith ta nemi tazara ga rumbunan hatsi, don ni. Ba wanda ya nemi komai don kansa, Allah shi ne shaida. Da muka gama zana da'irori a kan taswira, sai ga gundumar gaba ɗaya ta shige cikin jan biro, ban da wuri guda: tudun Verna.

Ɗan koyo zai yi murna, ya ce ai dama can ake so. Kai kada ka yi. Ka tuna kai ne shugaba, mai gonar kuma yayarka ce uwa ɗaya uba ɗaya. Me mutane za su ce a wurin shan mai? Ka gyara murya ka tambaye ta a gaban kowa.

"Verna, ke me kika gani?"

Tana tattara ƙananan farantai a lokacin. Ta tsaya da su a hannu. "Ni kada ku damu da ni," in ji ta. "Zan yi maneji."

Ka ji 'yar gidan mutunci. Ka sa a tafa mata, sannan ka raba maganar biyu kamar yankan ƙarshe: a amince da rabi, a miƙa rabi ga ƙaramin kwamiti, ƙaramin kwamiti ya raba nasa rabin.

Mataki na 6: Ka yi hattara da yaran da suka zauna a waje

Kendall ya zo da iyalinsa hutun idin godiya, wanda muke yi bayan girbi. Yaron nan ni na koya masa tuƙin a-kori-kura, amma Texas ta lalata shi. Ana cikin cin talotalo ya aje cokali ya dube ni ido cikin ido.

"Kawu Orlin, kuna son fankokin nan ko ba kwa so?"

"Ana kan tuntuɓa, ɗana."

"Kawu, Mama ta faɗi a matakalar rumbu wancan watan, ta yi rarrafe har cikin gida. Ta gaya maka?"

Verna ta ce, "Kendall, miƙa wa kawunka dankali."

"Ba ta gaya maka ba, don ba za ta taɓa gaya maka ba. Na riga na duba makarantar da zan sa yaran nan. Ku ce eh kawai, Kawu. Kalma ɗaya ce, ba ta cizo."

Uf da, in ji kakanninmu in abu ya ɓaci! A kan tebur, gaban yara. Ka ga abin da zaman waje ke jawowa. In irin haka ta same ka, kada ka yi fushi, ka yabi miyar da ke gabanka da ƙarfi har zancen ya mutu. Na yabi ta Marlys har sai da ta fara zargin ko ta ƙone ne.

Mataki na 7: Idan kowa ya amince, kada ka firgita

Zai iya faruwa. Mu ya faru da mu a wurin ajiye motoci na coci, inda dama ake yanke duk wata shawara ta gaske. Mun buga cinya mun ce "to, bari mu tashi", mun yi sallama a bakin matakala, mun sake yi a bakin ƙofa, mun iso ta jikin mota. Duane na riƙe da murfin a-kori-kurarsa, yana kallon taya, ya ce, "Ni dai in don ta Verna ne, ba zan ce ban so ba."

Ardith ta ce, "Agwagin ma ba ta tudun suke bi ba. Na daɗe da sani."

Fasto ya ce, "Ya kamata mu ga yara a coci kuma."

Ni na ce, "To."

Haka aka yi. Majalisar gunduma ta sa hannu a dokar ba tare da ko tari ba, jaridar gari ta buga hotonmu muna riƙe da kofuna. Verna ta hau ɗakin sama, da waɗannan gwiwoyin, ta yi wa ɗakin Kendall fenti, ta sayo gado mai hawa biyu na jikoki. Saura kawai a gaya wa kamfani.

A nan za ka nuna kai gwani ne. Ka ba aikin amsawa ga wanda ya fi kowa ladabi a kwamitin. An yi mini tayin wannan nauyi har sau uku kafin na karɓa.

Mataki na 8: Ranar amsa, ka riƙe mutuncin gari

Ɗakin ƙasa ya cika maƙil, har da waɗanda rabon su da coci tun jana'izar kakanninsu. Verna ta kawo tire biyu. Madam Prewitt ta miƙe, ta ce, "Mista Tungseth, kamfani a shirye yake ya kafa fankokin a tudun Madam Rustad. Gunduma ta amince?"

Na miƙe, na gyara kwat. "Haba, Madam, ina mu ina wannan ɗawainiya. Kada ku wahalar da kanku saboda mu."

Kowa ya gyaɗa kai. Marlys ta ce daga baya ban taɓa yin kyau irin na ranar ba.

Madam Prewitt ta haɗe gira. "Ban gane ba. Kun yi doka, kun sa hannu. Tambayata ita ce, kuna so mu zo?"

"Ai mu muna nan lafiya yadda muke," na ce, cikin tattausar murya. "Akwai waɗanda suka fi mu buƙata."

Ka ji amsa! Ko mahaifiyarmu ce ta tashi daga kabari ba za ta gyara mata ko wasali ba. Na ja numfashi, na riga na haɗa "to, tunda kin matsa" a kan harshena. Duane ya ɗaga hannuwa zai tafa. Verna ta damƙe bayan kujerar da ke gabanta.

Sai muka ji zuuu. Matar nan ta zuge jakarta.

"To, na gode da kuka faɗa mini gaskiya," in ji ta. "Na yi zaton an wuce nan."

Yanzu saurara da kyau, don nan ne raggo ke ɓata aikin shekara biyu. Zuciyarka za ta ce ka yi ihu, ka ce tsaya. Kul! In ka kira ta, ka nuna kwaɗayi a gaban gari. Ka kuma nuna wa baƙuwa cewa ba ta san ƙa'idar tayi ba, wato ka kunyata ta a ɗakin Allah. Mutum fiye da ɗari ne a wurin, kowa ya san an yi ɓarna, kuma ina alfahari in gaya maka ba wanda ya yi rashin kunyar buɗe baki.

Mun raka ta har mota, duk garin, muna ba ta dama ta tuna. Mun yi zancen sanyi. Mun yi zancen tayoyinta. Verna ta zo da kek a naɗe ta miƙa mata ta taga. Madam Prewitt ta karɓa, ta dubi fuskarta, ta kashe injin.

"Madam Rustad, na san gonarki ce. Akwai abin da kike so ki ce?"

Ina tsaye kusa da Verna. Ta dube ni, ta dubi Fasto, ta dubi matan coci da suka jeru da tirensu a hannu. Hannunta na kan ƙofar motar.

"Ki kula da barewa a hanya," in ji ta.

Mota ta tashi, ta yi gabas. Mun kafa ƙaramin kwamiti ya duba ko waccan tambayar ta taga za a iya lissafa ta a matsayin tayi na uku. Ra'ayi ya rabu, amma cikin lumana.

Mataki na 9: Ka raina waɗanda suka samu

An ce a Dornbach Madam Prewitt ba ta kai ga zama ba suka ce eh, wani ma ya tambaye ta ko za ta ƙara musu fankoki biyu. Sun yi faɗa a taronsu, an yi jifa da hula, akwai 'yan'uwa biyu da har yanzu ba sa ga maciji. Ka ga ƙarshen rashin haɗin kai ke nan. Yanzu suna can da fankoki da sabon rufin makaranta da gaba.

Mu kuwa wata ƙungiya daga babban birni ta ji labarin gundumar da ta tsara dokar wutar iska ba tare da ko mutum ɗaya ya ce bai yarda ba. Suka zo da allon yabo. Sun yi sa'a mai miƙawar ɗan ƙauye ne, ya san ya tambaya sau uku.

Mataki na 10: Ka halarci gwanjon, ka zo da wuri don ka taya jera kujeru

An yi shi wata Asabar da hantsi, a farfajiyar gidan. Matan coci sun yi abinci. An fito da komai waje: taraktan Baba, injin ɗinkin Mama, gadon nan mai hawa biyu da ko ledarsa ba a cire ba. Daga kan tudun kana hango fankokin Dornbach farare suna juyawa. Iskar da ke juya su ta kanmu take fara bi, tana kwashe faranti daga kan tebura.

Mai gwanjon ma ɗan Dornbach ne. Da aka zo kan gonar, wani mai waya a kunne ya ɗaga yatsa a madadin kamfanin noma da ba mu taɓa ganin fuskar mai shi ba. Mai gwanjo ya dubi jama'a ya ce, "Akwai ƙari? Ɗaya. Akwai ƙari? Biyu. Akwai ƙari? Uku." Ya buga guduma. Ashe a Dornbach ma akwai mai tambaya sau uku.

Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. A ɗakin saman gidan nan aka haife ni, a gindin bishiyar can aka binne karenmu. Na koma bayan rumbu na ɗan jima ina duba ƙusoshi. Duk wannan fa saboda mace ɗaya ba a koya mata ƙirga zuwa uku ba a Chicago.

Na samu Verna a wurin tebur tana goge tirenta. Yanka ɗaya ya rage a ciki, ba a taɓa shi ba.

"Verna, ki dawo wurinmu. Ɗakin baƙi na nan."

"A'a, Orlin."

"Marlys ta riga ta canza labule."

"A'a."

Na yi murmushi, don na san inda aka dosa. "Ko na hunturu ɗaya mana, Yaya."

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take yi mini muna yara in na fasa ƙwai na ce kaza ce. "A'a, Orlin."

Murmushin ya bushe mini a fuska. Ina nan tsaye Kendall ya zo da makullin mota a hannu, bai ko gaishe ni ba. "Mama, za ki bi mu Texas?"

"Eh."

A tayin farko! Gaban Fasto, gaban matan coci. Cokali ya faɗi daga hannun wata. Verna ta ɗauki yankan ƙarshen nan sukutum, ta naɗe shi a takarda, ta kama hannuna ta danƙa mini, ta rufe yatsuna a kai.

"Ka kai wa kwamiti," in ji ta. "Ku raba."

Ta maƙale tiren a hammata, Kendall ya riƙe ta har mota. Ba ta yi sallamar matakala ba, ba ta yi ta bakin ƙofa ba. Na ɗaga murya na ce su kula da barewa a hanya, amma gilashin a rufe yake.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan rubutu ya ba da shawara ne don Allah, kuma bai ce wa kowa ya bi ba, ko sau ɗaya, balle sau uku. Idan ka bi matakan nan gonar ubanku ta koma hannun mai waya a kunne, babu ruwana. Idan yayarka ta koma inda ba a san dusar ƙanƙara ba, kuma in ka kira ta sai ta ce "lafiya lau" ta miƙa wa jika wayar, babu ruwan Marlys, babu ruwan Fasto, babu ruwan Duane da Ardith, domin dukanmu mun amince da aikin, a rubuce yake. Idan ka fito ƙofar gidanka da safe ka hango fankokin maƙwabta suna juyawa da iskarku, ka juya kujerarka ta kalli yamma, ni haka na yi.

Mai ƙorafi ya kawo wa kwamiti. Har yanzu muna zama a ɗakin ƙasa na coci, yanzu kan zancen faifan sola muke, kuma alhamdu lillahi kanmu a haɗe yake. Akwai kofi. Ka dai ci abinci kafin ka zo, don kek babu mai kawowa.